Bashi hanji ne: yadda za ka gyara sunanka wajen banki da gidan asusu

Duk shekara idan kaka ta yi, hatsi ya shigo gida, masu bin bashi su ma sai su fara sallama. Mai shagon da ya ba da shinkafa da mai tun cikin damina yana jira. Wanda ya ba da taki yana jira. Gidan asusu ya aiko da saƙo a salula cewa ranar biya ta kusa. Ga kuma yara sun koma lakwal a watan Oktoba, ana neman kuɗin littafi da na tufafi. Daga Maradi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, da wuya ka shiga gidan da wannan lissafi bai hana mai gida barci ba.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin bashi ba abin kunya ba ne. Babban ɗan kasuwa yana ci, ma'aikaci yana ci, gomnati ma tana ci. Abin da ya canza a ƴan shekarun nan, wanda mutane da yawa ba su farga da shi ba, shi ne yanzu ana rubuta halin mutum wajen biya, ana ajiyewa wuri guda, kuma masu ba da bashi suna dubawa kafin su ba shi ko dala ɗaya. Da can idan ka ɓata da gidan asusu a Tasawa, sai ka tafi Maradi ka buɗe sabon shafi. Yau sunanka yana riga ka isa.

To, ina ake rubuta wannan suna, me ake rubutawa, kuma ta yaya wanda nasa ya ɓaci zai gyara? Ga bayani.

Wa ke riƙe da littafin?

Ƙasashe 8 na ƙungiyar UEMOA, wato Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine Bisawu, Mali, Senegal da Togo, suna amfani da kuɗin sefa ɗaya da babban banki ɗaya, BCEAO. Wannan banki ne ya kawo tsarin ofishin tattara bayanan bashi, wanda ake kira BIC a taƙaice. Nijar ta kafa dokar da ta ba shi izini a ƙarshen shekarar 2014. Kamfanin da aka damƙa wa aikin shi ne Creditinfo, wanda cibiyarsa ta yankin take a Abijan, kuma ya fara aiki a watan Fabrairun 2016. Ficewar Nijar daga CEDEAO ba ta taɓa wannan tsari ba, domin na UEMOA ne.

Yadda abin yake tafiya ba wuya. Bankuna da manyan gidajen asusu suna aika wa ofishin bayanan mutanen da suka ba bashi, wata bayan wata. Doka ta kuma buɗe ƙofa ga kamfanonin wuta, ruwa da tarho su ba da nasu bayanan. Ranar da ka je neman bashi, mai ba da bashin zai nemi rahotonka daga ofishin. Shi ya sa a cikin takardun da ake miƙo maka akwai wata ta amincewa, wadda idan ka sa hannu ka yarda ke nan a duba bayananka kuma a aika da su. Mutane da yawa suna sa mata hannu ba su san ko ta mece ce ba.

Rahoton yana nuna sunanka da lambar katinka na ɗan ƙasa, bashin da ka ci da inda ka ci shi, abin da ka biya, abin da ya rage, da kuma yawan kwanakin da ka yi latti. Idan ka tsaya wa wani, wannan ma yana iya fitowa. Daga waɗannan ne na'ura take fitar da maki, wato wata lamba da ke nuna ko mutumin nan mai cika alkawari ne ko mai sa a yi ta bin sa. Wanda makinsa ya yi sama ya fi samun sauƙin a ba shi, kuma yana da bakin da zai nemi a sassauta masa sharuɗɗa. Wanda nasa ya yi ƙasa, ko dai a hana shi, ko a rage abin da ya nema, ko a ce sai ya kawo garanti mai nauyi.

Akwai abubuwan da doka ta hana a sa a ciki. Ba a rubuta addininka, ƙabilarka, jam'iyyarka ko lafiyar jikinka. Ba a kuma rubuta yawan kuɗin da ka ajiye a banki. Ke nan makin ba ma'aunin arziki ba ne. Mai sayar da ƙosai da ta ci jika 50 ta biya daidai a kan rana, tana iya fin alhajin da ya ci miliyan 20 yana ta jan ƙafa kyawun suna.

Haƙƙinka a matsayin mai cin bashi

Na farko, kana da damar ganin rahotonka, kuma sau ɗaya a shekara kyauta ne. Ka je bankinka ko gidan asusunka da katin ɗan ƙasa, ka ce kana son a nuna maka hanyar samun rahotonka na BIC. Kar ka jira sai ranar da kake cikin matsuwa. Wanda yake shirin neman bashin kiwon rago don Babbar Salla, ko na taki kafin ruwa ya sauka, ya kamata ya duba tun da watanni biyu ko uku a gaba.

Na biyu, idan an hana ka bashi saboda abin da aka gani a rahoton, kana da haƙƙin a faɗa maka. Kar ka fita da fushi kana cewa an yi maka baƙin ciki. Tambaya za ka yi: me kuka gani?

Na uku, idan akwai kuskure kana iya ƙalubalantarsa. Kuma kuskure yana faruwa. A ƙasarmu sunaye suna kama da juna ƙwarai, ga mutane da dama da aka rubuta musu ranar haihuwa ɗaya, 1 ga Janairu, don ba a san ainihin ranar ba. Wani kuma an rubuta sunansa da haruffa daban a kati, daban a takardar banki. Haka nan kana iya gama biyan bashi amma ba a rufe shi a na'ura ba. Idan ka ga irin wannan, ka rubuta takardar koke, ka haɗa da shaidar biya, ka kai, ka kuma riƙe kwafi da aka buga wa hatimi. Magana ta baki ba ta gyara abin da aka rubuta.

Wannan ne ya sa adana rasit yake da muhimmanci. Kowane biya ka yi, ka karɓi takarda. Idan ta salula ka tura, kar ka goge saƙon. Ranar da ka gama biya gaba ɗaya, ka nemi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, ka sa ta inda kake ajiye takardar gida da ta haihuwar yara.

Sai kuma wani abu da zai kwantar da hankali: tabon ba na har abada ba ne. Bayanan da suka wuce shekara 5 ba a ci gaba da yaɗa su. Kuma tun kafin nan, mai duba rahoto ya fi kallon halinka na kwanan nan. Wanda ya yi tuntuɓe shekara 3 da suka wuce, amma tun daga nan bai sake latti ba, ba ɗaya yake da wanda har yanzu ake nemansa ba.

Me ke ɗaga maki, me ke kayar da shi?

Babu abin da ya kai biya a kan rana. Nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure, domin a cinikin kasuwa idan ka ce ranar Juma'a ka kawo ranar Litinin, ba wanda zai ce ka ci amana. Na'ura ba ta san haka ba. Kwana take ƙirgawa. Lattin kwana 5 daban, na kwana 30 daban, idan kuwa ya kai kwana 90 to an fara sa bashin cikin waɗanda ake shakkar dawowarsu, kuma a nan ne suna yake ɓaci sosai. Ga tarar latti da ke hawa kan abin da ake bin ka.

Abu na biyu shi ne yawan bashin da ke kanka idan aka gwada da abin da kake samu. Na uku, yawan wuraren da ka ci. Wanda ke da bashi a gidan asusu uku lokaci guda, ko da yana biya, mai duba rahoto zai yi zargin da na wannan yake biyan na wancan. Na huɗu, daɗewar tarihi. Wanda bai taɓa cin bashi a rubuce ba, ba shi da mummunan suna, amma ba shi da shaida. Shi ya sa gidajen asusu suke fara ba mutum kaɗan, idan ya biya su ƙara.

Ga masu amfani da cak, a kula: ba da cak alhali babu kuɗi a ajiya yana da nasa littafin a BCEAO, kuma yana iya jawo a hana mutum amfani da cak har shekara 5 idan bai gyara ba.

Takardar wuta da ta ruwa ma kar a raina su. Kuma wanda ya tashi daga gidan haya ya bar mita da sunansa, ya sani duk abin da sabon ɗan haya ya ƙi biya, a kan sunansa yake taruwa. Ka je ka sauya suna ko ka rufe kafin ka miƙa makulli.

Kafin ka sa hannu, yi lissafi

Gyaran suna yana farawa ne tun ranar cin bashin. Tambaya ta farko da za ka yi wa kanka: daga ina kuɗin biya za su fito? Bashin da zai haifi kuɗi, kamar na jari, na injin ban ruwa ko na kiwo, yana iya biyan kansa. Bashin biki, na suna ko na gasar kayan ɗaki, daga cikin abincin gida za a cire shi.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, duk abin da kake biya na bashi a wata kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu. Malamin makaranta mai albashin jika 150, iyakarsa jika 50 ke nan. Amma a nan mutane suke yaudarar kansu. Sai ya lissafa jika 45 da banki ke cirewa ya ce yana cikin iyaka, ya manta da zubin adashi jika 20, da jika 15 na mai shago, da kuɗin babur da yake biya kaɗan-kaɗan. Banki bai ga waɗannan ba, amma tukunyar gidansa tana gani.

Ga wanda ba shi da albashi, ɗan kasuwa ko ɗan kabu-kabu, kar ka yi lissafi da watan da ciniki ya fi kyau. Ɗauki watan da ya fi muni a shekara, ka tambayi kanka ko a cikinsa za ka iya biya. Manomi kuma ya nemi a daidaita masa ranar biya da lokacin da yake sayar da amfani. Mai albasa a Galmi ko mai tattasai a Difa da aka ce ya fara biya wata guda bayan ya karɓi kuɗi, alhali shuka ba ta ko yi ƙwari ba, an riga an shirya masa latti tun kafin ya fita ƙofa.

Tambaya ta biyu ga mai ba da bashin za ka yi ta: gaba ɗaya nawa zan mayar? Kar ka tsaya kan jin "kashi kaza a wata". Ga misali. Mutum ya ci jika 300 na wata 10, an ce ruwa kashi 1 da rabi cikin ɗari a wata. Idan a kan abin da ya rage ake lissafawa, watan farko ruwan sefa 4,500 ne, na biyu 4,050, haka yake ta raguwa, jimilla sefa 24,750. Idan kuwa a kan jika 300 ɗin farko ake lissafawa kowane wata, ko da ya biya rabi, to 4,500 sau 10 ke nan, sefa 45,000. Kalma ɗaya aka faɗa wa mutum biyu, amma ɗaya ya fi ɗaya biya da sefa 20,250. A hanya ta biyu, abin da ya yi kama da kashi 18 a shekara, a gaskiya ya haura kashi 30.

Bayan ruwa akwai kuɗin dosiye, kuɗin inshora, da ajiyar dole da wasu gidajen asusu ke riƙewa har sai ka gama biya. Idan aka haɗa ruwa da sauran kuɗaɗen da aka ɗora wa bashin, shi ne ake kira TEG, kuma ya kamata a rubuta shi a cikin kwantaragi. Doka ta yi masa iyaka. A farkon shekarar 2014 an sauko da iyakar daga kashi 18 zuwa 15 a shekara ga bankuna, daga kashi 27 zuwa 24 ga gidajen asusu. Hukumomin UEMOA suna sake duba wannan iyaka lokaci zuwa lokaci, don haka ka tambayi wadda ake aiki da ita ranar da za ka sa hannu. Ka kuma nemi jadawalin biya, takardar da ta jera kowace rana da kuɗinta. Idan ba ka karanta Faransanci, tafi da ita gida wanda ka yarda da shi ya karanta maka. Mai gaskiya ba zai hana ka kwana ɗaya na tunani ba.

A tabbatar kuma gidan asusun yana da izinin hukuma. A Nijar hukumar ARSM ce ke sa ido kan ƙananan gidajen ajiya da ba da bashi. Duk wanda ya ce ka fara turo kuɗi ta salula kafin a ba ka bashi, ko ya ce zai goge maka suna daga na'ura idan ka ba shi wani abu, ɓarawo ne. Ba wanda ke da ikon goge bayanin da yake gaskiya.

Ga waɗanda ba sa son mu'amala da kuɗin ruwa saboda addini, akwai Bankin Musulunci na Nijar, BIN, da wasu gidajen da ke da sashen da ake sayen kaya a sayar wa mutum da riba sananniya, ya biya a hankali. Sai dai a sani, nan ma ana rubuta latti kamar ko'ina. Malamai kuma suna yawan tunatarwa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Rubutu ba rashin yarda ba ne.

Tsaya wa wani ba gaisuwa ba ce

Mutane da yawa da sunansu ya ɓaci ba su ci ko dala ba. Ɗan'uwa ne ko abokin aiki ya ce "zo ka sa mini hannu kawai", kunya ta hana su cewa a'a. A dokar OHADA, wadda Nijar take cikinta, wanda ya tsaya wa mai bashi ya ɗauki alkawarin biya idan shi ya kasa, kuma galibi ana iya bin sa kuɗin kamar shi ya ci. Dokar ta ce sai an rubuta iyakar kuɗin da ya tsaya a kai, da haruffa da lambobi, da hannunsa. Idan bai iya rubutu ba, sai da shaidu biyu da za su tabbatar an yi masa bayanin abin da ya ɗauka.

Saboda haka kafin ka sa hannu, tambayi kanka: idan mutumin nan ya tafi ci-rani bai dawo ba, zan iya biyan wannan kuɗi ba tare da gidana ya girgiza ba? Idan amsar a'a ce, gara ka ba shi abin da za ka iya kyauta, ku rabu da mutunci.

Haka abin yake ga mata masu cin bashi a ƙungiya. Idan ɗaya ta kasa, sauran ne za su cike, kuma latti yana shafar kowa. A zaɓi abokan tafiya da hali, ba da kunya ba. Wata matsala kuma da ake yawan gani ita ce mace ta karɓo bashi da sunanta ta miƙa wa mai gida ko ɗa. Ranar da abin ya lalace, sunanta ne a rubuce, ita za a nema.

Idan bashi ya riga ya yi yawa

To, wanda ya riga ya nutse fa? Matakin farko shi ne ya daina gudun lissafi. Ɗauki takarda ka rubuta kowane bashi: na wa, nawa ya rage, nawa ne ruwansa, yaushe ne ranar biya, me ka jingina. Har da na surukai da na mai nama. Mutane da yawa ba su taɓa ganin jimillar abin da ake bin su ba, tsoro ya hana. Amma abin da ba ka ƙirga ba, ba za ka iya shirya masa ba.

Na biyu, a tsayar da cin sabo. Rance don biyan rance shi ne hanyar da ta fi saurin kai mutum ga sayar da gona. Musamman a guji masu ba da kuɗi da ruwa a unguwa. Wanda ya ba ka jika 10 ya ce ka kawo 12 ƙarshen wata, ruwansa kashi 20 ne a wata, wato kashi 240 a shekara, ninki 10 na iyakar da aka sa wa gidajen asusu a 2014. Haka bashin hatsi na tsakiyar damina, a ba ka tiya ɗaya ka mayar da biyu da kaka, ninki ne cikin wata uku ko huɗu.

Na uku, a jera su. Mu ɗauki mai ɗinki da ke da bashi uku: jika 200 na gidan asusu da yake biyan 25 a wata, jika 40 na mai ba da ruwa da ke cin jika 8 duk wata, da jika 30 na mai shago marar ruwa. Na gidan asusu ba a taɓa ranarsa, domin shi ne ake rubutawa kuma shi ke da tara da garanti. Mai shago a je a same shi, a yi masa bayani, a riƙa ba shi ko jika 3 ne a kai a kai don amana ta tsaya. Duk abin da ya saura, da duk wani kuɗin da ya shigo ba zato, a zuba wa mai ruwa har uwar kuɗin ta mutu. Ranar da ta mutu, jika 8 da yake ci duk wata ta dawo hannunka, sai ka juya ta kan na gaba. Idan akwai abin da za a iya sayarwa wanda ba da shi ake neman abinci ba, gara a sayar a kashe bashin mai ruwa. Amma keken ɗinkin kansa ba a sayar da shi.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muhimmanci: idan ka ga ba za ka iya cika ranar ba, ka je tun kafin ta zo. Kashe salula da bin bayan gida idan an hango ma'aikacin asusu ba ya rage ko dala, sai ma ya sa a ɗauke ka wanda ya yi niyyar cinyewa. Ka je da bayaninka, ko rashin lafiya ce, ko gobara, ko ambaliya, ko albashin kwantaragi ne bai fito ba. Ka je kuma da tayi: ga abin da zan iya biya a wata, a ƙara mini lokaci. Masu ba da bashi suna da hanyar sake tsara jadawali, kuma su ma sun fi son kuɗinsu su dawo a hankali da a shiga shari'a. A sani ƙarin lokaci yana ƙara jimillar ruwa, kuma duk abin da aka amince a kai a rubuta shi, kowa ya sa hannu.

Idan mai bashi ya rasu, iyali su bincika kafin su fara sayar da kaya. Yawancin bashin banki da na gidajen asusu da dama suna da inshorar mutuwa da aka cire kuɗinta tun farko. A kai takardar shaidar rasuwa a tambaya.

Idan kuma har takarda ta zo daga kotu, kar a sa ta ƙarƙashin katifa. Kwanakin da doka ta ba mutum ya yi jayayya kaɗan ne, idan suka wuce hukunci ya zauna. Dokar OHADA ta ba alƙali ikon jinkirta wa mai bashi ko ya rarraba masa biya har zuwa shekara ɗaya, idan ya duba halin da yake ciki. Amma sai wanda ya je ya yi bayani.

Gina suna daga ƙasa

Wanda bai taɓa shiga banki ba, ko wanda ya gama wanke tsohon tabo, ta ina zai fara? Da ajiya. Tun watan Oktoban 2014 BCEAO ta wajabta wa bankuna yin wasu ayyuka kyauta, ciki har da buɗe asusun ajiya, rufe shi, da ba mutum takardar bayanin ajiyarsa ta wata-wata. A gidajen asusu kuma, watannin da ka yi kana zuba kaɗan-kaɗan su ne shaidarka ta farko. Daga nan ka ci ƙaramin bashi wanda ka tabbata ƙarfinka ya fi shi nesa ba kusa ba, ka biya kwana biyu ko uku kafin rana, musamman idan ranar za ta faɗo a Asabar, Lahadi ko ranar hutu. Idan kuɗinka kullum suke shigowa, ware na bashi kullum, kar ka jira ƙarshen wata. Mai biyan jika 30 a wata, jika ɗaya ce a rana.

Ba wani sabon ilimi ba ne a wurinmu. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maradi a 1991 kuma ƙasashe da dama suka kwaikwaya, a kan wannan ya ginu: zubi kowane mako, rance kaɗan, biya a gaban kowa. Abin da ake zubawa a asusun ƙungiya ko adashi ba ya shiga rahoton BIC, amma shi ne ke hana mutum taɓa kuɗin biya ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi.

Manoma kuma suna da warantaj, wanda ya fara yaɗuwa a Nijar tun wajen 1999 da tallafin hukumar FAO. Maimakon a sayar da gero ko wake da arha lokacin kaka don biyan bashi, ƙungiya tana tara amfanin a sito, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wajen manoma ɗaya wajen gidan asusu. A ba su rancen wani kaso na darajar kayan su yi sana'ar rani, idan sun biya a buɗe sito lokacin da farashi ya saba tashi. Akwai shekarun da farashin ba ya tashi yadda aka zata, don haka shi ma da lissafi ake shigarsa.

A ƙarshe, makin nan da ake magana ba wani abu ba ne illa abin da iyayenmu ke kira amana, sai dai yanzu an mayar da ita lamba. A kasuwar Maradi har gobe akwai wanda ake ɗora wa kayan miliyoyi ba takarda, don an san ranar da ya faɗa ita ce ranar. Wanda yake son banki ya ɗauke shi haka, abin da zai yi a wannan mako guda uku ne: ya rubuta duk abin da ake bin sa, ya nemi rahotonsa ya gani da idonsa, kuma idan akwai ranar da ya san ba zai iya cikawa ba, ya je gobe da safe ya faɗa.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba kowa ikon sauke nauyin da ke kansa.